Garke a Gadarif, Makiyayi a Khartum

Gadarif gari ne a gabashin ƙasar Sudan, kimanin kilomita 400 daga Khartum, a kan hanyar da ta nufi iyakar Habasha. Ƙasarsa baƙa ce mai laka, dawa da riɗi suna yi ƙwarai a cikinta. Tun wajen 1945, sa'ad da Turawan Ingila suka soma noma da inji a Gadambaliya kusa da garin, wurin ya zama rumbun Sudan. Mai karatu Bahaushe ba zai yi baƙunta sosai a kasuwarsa ba, gama jikokin mahajjatan da suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da ƙafa suna nan da yawa, suna kuwa jin Hausa. Yawancin mutanen garin Musulmi ne. Amma akwai 'yan Katolika kaɗan a cikinsu, kuma ba su taɓa samun bishop na kansu ba. Tun farko suna ƙarƙashin bishop na Khartum ne. Saboda haka tarihinsu wuri ne mai kyau na duban abin da shugabancin bishop yake nufi ga mutanen da ba sa ganinsa sai jifa-jifa.

A Turai da Amurka, tun bayan Majalisar Batikan ta Biyu wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, an saba raba dayosis-dayosis kashi biyu. Wasu ana ce da su na masu riƙon gargajiya, wasu kuwa na masu sassauci. Rabon ba na wasa ba ne. Babban Bishop Marcel Lefebvre, Bafaranshen da ya taɓa riƙe Dakar a Senegal, ya ƙi sabon tsarin Misa ya manne wa na Latin, har a ran 30 ga Yuni 1988 ya keɓe bishop huɗu a Ekon ta ƙasar Suwizalan ba da izinin Paparoma ba. A ɗaya gefen kuma, Babban Bishop Raymond Hunthausen na Siyatil ya hana gwamnatin Amurka rabin harajinsa a 1982 domin ƙin makaman nukiliya, ya kuma saki hannu a wasu al'amuran aure da na sujada, sai Roma ta aiko a bincike shi a 1983. A Faransa, an tuɓe Bishop Jacques Gaillot daga Eburo a watan Janairu 1995 saboda maganganunsa, aka ba shi sunan Partenia, wata tsohuwar kujera a Aljeriya wadda ba ta da ko mutum ɗaya. Shekara guda bayan haka Bishop Fabian Bruskewitz na Linkon a jihar Nebraska ya yi shelar fitar da duk wanda ya zauna cikin waɗansu ƙungiyoyi goma sha biyu daga tarayya. Shi ne kuma ya ƙi barin 'yan mata su yi hidima a bagade, ko da yake Roma ta yarda da hakan a 1994. Wato mutum yana iya ƙetare iyakar dayosis ɗaya zuwa wata, ya tarar kamar ya shiga wata ikilisiya dabam.

Idan aka ɗauki wannan ma'auni aka kai shi Gadarif, ba ya auna kome. Ba domin bishop-bishop na Sudan duk halinsu ɗaya ba ne. Sun bambanta ƙwarai, bambancin kuwa ya shafi rayukan mutane. Sai dai abin da ya raba su dabam ne: yadda makiyayi zai tsaya gaban hukumar da ba ta son garkensa ya yi yawa.

Tushen abin yana wurin Daniel Comboni, mutumin Italiya, wanda aka naɗa bishop na yankin da Roma ta kira Afirka ta Tsakiya a 1877. Yankin nan, wanda aka kafa a 1846, ba shi da iyaka sananniya ta kudu ko ta yamma. Comboni yana da ra'ayin da ya sha gaban zamaninsa, cewa 'yan Afirka ne za su yi aikin a Afirka, Bature kuwa ya horar da su ya ja da baya. Ya mutu a Khartum ran 10 ga Oktoba 1881 yana da shekara 50, a shekarar da Muhammad Ahmad ya ce shi ne Mahadi. Cikin shekara huɗu aikin duka ya rushe. An kama limamai da sistoci a Dilin da El Obeid, aka tsare su shekaru a Omdurman. Gadarif ma ta shiga hannun mutanen Mahadi, ba ta fita ba sai a watan Satumba 1898, sa'ad da Kanar Parsons ya taso daga Kasala ya kama ta.

Da 'yan mishan suka komo, sai suka tarar da sabuwar doka. Turawan Ingila sun hana wa'azi a cikin Musulmin arewa, suna tsoron kada wani Mahadi ya sake tashi. Suka raba kudu tsakanin ƙungiyoyin mishan, kowace da gefenta. Wanda ya san tarihin Nijeriya ta Arewa zai gane wannan dabara nan da nan, gama irinta ce ta tsare coci a Sabon Gari a Kano da Zariya. A arewacin Sudan an bar wa bishop abu biyu kawai: ya lura da Kiristocin da suka zo baƙunci, ya kuma buɗe makaranta. Kiristocin Gadarif na lokacin 'yan kasuwa ne, Girkawa da Kibɗawa da mutanen Sham da Habashawa, yawancinsu ma ba 'yan Katolika ba. Jirgin ƙasa ya iso garin daga Kasala a 1928, ya ƙaro ma'aikata. Duk da haka garken bai fi a ƙidaya shi da sunaye ba.

Mutumin da ya fi kowa gwanintar zama cikin wannan ƙunci shi ne Agostino Baroni. Ya shugabanci Kwalejin Comboni ta Khartum, wadda aka buɗe a 1929, kafin a naɗa shi bishop a 1953. Ya riƙe kujerar shekara 28. Hanyarsa ita ce makaranta da haƙuri. 'Ya'yan manyan Musulmi sun yi karatu a makarantun Comboni, ba a kuwa matsa musu su sake addini ba, saboda haka da suka zama ministoci da alƙalai suna ganin girman limaman da suka koya musu lissafi. Wannan jari ya yi rana. Gwamnatin Janar Abbud ta kafa dokar ƙungiyoyin mishan a 1962, wadda ta ce ba wanda zai yi aikin mishan sai da lasisi na shekara-shekara, ba kuma za a yi wa yaro baftisma ba sai da sharuɗa masu wuya. A farkon 1964 ta kori dukan 'yan mishan baƙi daga kudu, wajen mutum 300. A arewa kuwa makarantun Baroni ba su rufe ba.

Abin lura a nan shi ne, shekarun nan su ne daidai shekarun Majalisar Batikan. Lokacin da bishop-bishop na Jamus da Holan suke gardama a Roma a kan Latin da ikon Paparoma, na Sudan suna lissafin limamai nawa suka rage musu. Bishop ɗan ƙasa ɗaya tak ne a lokacin, wato Ireneo Dud, wanda aka keɓe a 1955. Don haka canje-canjen majalisar ba su zo Sudan a matsayin abin jayayya ba. Sun zo kamar ruwa ga mai ƙishi. Izinin yin Misa da harshen mutane, da girmama aikin katikis, da ba wa waɗanda ba limamai ba hurumin jagorantar addu'a ran Lahadi, duk abubuwa ne da dayosis mara limamai take bukata domin ta rayu. Abin da ake kira sassauci a Turai, a nan larura ce.

Akwai masu ganin Baroni ya cika shiru, musamman a shekarun yaƙin basasa na farko, daga 1955 zuwa 1972, sa'ad da ake ƙone majami'u a kudu. Zargin yana da ƙamshin gaskiya. Amma ya kamata a tuna shi baƙo ne mai takardar zama, wanda sa hannun jami'i ɗaya ya isa ya fitar da shi. Da ya yi magana an kore shi, da ba a sami ƙofar da 'yan kudu suka riƙa ƙwanƙwasawa ba da suka fara kwararowa arewa. A ran 12 ga Disamba 1974 Roma ta kafa cikakken tsarin dayosis a Sudan, Khartum da Juba suka zama kujerun manyan bishop. Baroni ya shirya magajinsa, ya sauka a 1981.

A cikin waɗannan shekaru ne fuskar garken Gadarif ta sake. Gonakin inji suna bukatar hannu da yawa a lokacin cire ciyawa da girbi, gama inji yana huɗa yana shuka, amma riɗi sai da lauje. Sai ma'aikata suka riƙa zuwa daga Duwatsun Nuba da kudancin ƙasar, Dinka da Nuwer da Shuluk da sauransu. Daga gabas kuma yaƙin Eritrea, wanda ya soma a 1961, ya turo 'yan gudun hijira, yunwar 1984 da 1985 ta ƙaro dubbai. Aka kafa musu zango a wurare irin su Tawawa da Um Rakuba. Yawancinsu Musulmi ne ko 'yan Otodoks, amma akwai 'yan Katolika a cikinsu, kuma limaman Kafushin daga Eritrea suka biyo su gabashin Sudan suna yi musu hidima.

A nan ne maganar gargajiya ta zama abin mamaki. 'Yan Katolikan Eritrea da Habasha ba sa bin tsarin Roma a sujada. Suna da nasu, na harshen Gi'iz, wanda asalinsa ya komo ga ikilisiyar Iskandariya, da waƙoƙinsa masu tsawo da azuminsa masu yawa da kalandarsa dabam. Idan ana neman tsohuwar sujada a Gadarif, ga ta nan a bakin 'yan gudun hijira, ba kuwa wanda ya ce da su masu tawaye. Su kuma 'yan kudu da Nubawa, harsunansu sun yi yawa, ba wanda zai haɗa su sai Larabci. Larabci kuwa shi ne harshen gwamnatin da ta ƙone ƙauyukansu. Bishop ya rungumi Larabcin duk da haka, aka yi Misa da shi, aka sa ganga da waƙoƙin ƙabilu a ciki. Aikin bishop na Khartum game da gari kamar Gadarif shi ne ya ga waɗannan jama'u biyu sun zauna a inuwa ɗaya, ba tare da ya tilasta wa ɗaya ta zama ɗayar ba.

Magajin Baroni shi ne Gabriel Zubeir Wako, wanda aka haifa a 1941 a yankin Wau, ya zama limami a 1963, ya riƙe Wau kafin a kawo shi Khartum. Shi ne ɗan ƙasa na farko a kujerar, ba kuwa mai iya korarsa zuwa wata ƙasa. Shekara biyu da hawansa, a watan Satumba 1983, Shugaba Numairi ya kafa dokokin shari'a a kan ƙasar duka, yaƙi na biyu ya ɓarke a kudu. Mutane fiye da miliyan suka taru a bukkoki kewaye da Khartum, wasu suka bazu garuruwa irin su Kosti da Madani da Gadarif da Fot Sudan. Dayosis ɗin da dā ta 'yan kasuwa baƙi ce da makarantu masu kyau, sai ta wayi gari ta zama ta matalauta.

Zubeir bai tsaya jiran izini ba. Hukuma ta yi shekaru masu yawa ba ta ba da takardar gina sabuwar majami'a ba, sai aka riƙa kafa rumfuna na kara da laka, waɗanda suke makaranta da safe, wurin koyon katikisim da yamma, majami'a ran Lahadi. A 1986 ya soma wani shirin makarantu wanda sunansa yake nufin a ceci wanda zai cetu, inda dubun dubatar yaran 'yan gudun hijira suka sami karatu da abinci sau ɗaya a rana. Katikis ne ƙashin bayan wannan tsari. Shi ne yake koyarwa, ya yi jana'iza, ya sasanta ma'aurata, ya shirya masu neman baftisma, har limami ya zo. Tsarin ƙananan jama'un Kirista na unguwa-unguwa, wanda bishop-bishop na gabashin Afirka suka amince da shi a 1973 da 1976, ya sami ƙasa mai kyau a nan. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir na ran 30 ga Yuni 1989, motocin rusau sun sha rushe rumfunan da sunan tsara gari. Mutane suka sake ɗaga su.

Ya kuma yi magana. Shi da 'yan'uwansa sun fitar da wasiƙu zuwa ga jama'a suna faɗin abin da ake yi musu. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sauka Khartum ran 10 ga Fabrairu 1993, ya yi sa'o'i tara, ya yi maganar 'yancin addini a gaban al-Bashir, ya yi Misa domin tunawa da Josephine Bakhita, 'yar Darfur da aka sayar baiwa. A 1994 gwamnati ta soke dokar 1962, amma ta ce majami'u su yi rajista kamar ƙungiyoyin agaji. Bishop-bishop suka ƙi, suka ce ikilisiya ba ƙungiyar agaji ba ce da minista zai rushe ta ran da ya ga dama. Farashin ya biyo baya. A 1998 aka tsare Zubeir kansa na ɗan lokaci a kan wata ƙarar bashi, aka kuma kama Fada Hilary Boma, sakataren dayosis, da Fada Lino Sebit, aka zarge su da hannu a fashewar bama-bamai a Khartum, aka kai su kotun soja inda hukuncin kisa yake jiransu. Ba a sake su ba sai a watan Disamba 1999.

To, a wane layi za a sa mutum irin wannan? A wajen koyarwa, kan aure da mace fiye da ɗaya da zubar da ciki da biyayya ga Roma, bai kauce ko taku ɗaya ba, Bruskewitz na Linkon ba zai same shi da laifi ba. A wajen tsayawa wa talaka da ja da gwamnati da danƙa aiki ga waɗanda ba limamai ba, ya wuce Hunthausen na Siyatil. Roma, wadda ta hori Hunthausen, ita ce ta ba Zubeir jar hular kadinal ran 21 ga Oktoba 2003, mako biyu bayan an sa Comboni cikin tsarkaka.

Bambanci na ainihi yana tsakaninsa da maƙwabcinsa na yamma. Macram Max Gassis, haifaffen Khartum a 1938, ya zama bishop na El Obeid a 1988, dayosis ɗin da ta haɗa Kordofan da Darfur. Ya kai ƙarar gwamnatin Sudan gaban majalisar dokokin Amurka, ya yi maganar bauta da yunwa. Ya fita ƙasar a 1990, aka shirya masa tuhuma, bai komo kujerarsa ba. Daga Nairobi ya riƙa shiga Duwatsun Nuba da ƙaramin jirgin sama, a yankin da 'yan tawaye suke riƙe da shi, yana kai magani da littattafai, har ya gina asibiti a Gidel wanda aka buɗe a 2008. Garin El Obeid kuwa sai Roma ta danƙa wa wani ɗan mishan, Antonio Menegazzo, ya riƙe. Muryar Gassis ta kai inda ta Zubeir ba ta kai ba, asibitinsa ya ceci rayuka da yawa. Amma rabin garkensa ya yi shekara ashirin da wani abu bai ga fuskarsa ba. Hanyar Gassis ba za ta yiwu a Gadarif ba, gama babu dutse ko 'yan tawayen da za su kāre coci a can. Garin yana tsakiyar ikon gwamnati, kowace makaranta da kowane fili suna rataye ga takardar da wani jami'i zai sa wa hannu. Mutanen Gadarif suna bukatar bishop wanda yake cikin ƙasar, wanda za a iya tura masa saƙo a motar kasuwa.

Dayosis ɗin ta yi faɗi har ya zama dole a raba nauyi. A 1992 aka naɗa Daniel Adwok mataimakin bishop, ya zauna a Kosti. Duk da haka ziyarar bishop a garuruwan gabas abu ne na lokaci-lokaci, ranar da ake tara waɗanda suka daɗe suna jiran shafewa da mai.

Sa'an nan ƙasar ta rabu. Ran 9 ga Yuli 2011 Sudan ta Kudu ta sami 'yanci, doka ta cire wa 'yan kudu zama 'yan ƙasa a arewa, aka ba su wa'adi zuwa Afrilu 2012. Majami'un da suka cika a shekarun yaƙi suka ragu ƙwarai, limamai da yawa su ma suka zama baƙi a ƙasar da aka haife su. A 2013 gwamnati ta ce ba za ta ƙara ba da izinin gina coci ba, tun da masu shi sun tafi. A 2014 wata kotu a Khartum ta yanke wa Maryam Yahya Ibrahim, wadda aka haifa a jihar Gadarif, hukuncin kisa a kan ridda, domin mahaifinta Musulmi ne ko da yake uwarta Kirista ce ta rene ta. Dayosis ta fito ta shaida cewa 'yar Katolika ce. Kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta, a watan Yuli ta gana da Paparoma Faransis a Roma. An soke dokar riddar a 2020.

Zubeir ya sauka a watan Disamba 2016. Wanda ya gaje shi, Michael Didi Adgum Mangoria, ɗan Duwatsun Nuba ne, wato ɗan arewa wanda rabuwar ƙasa ba ta mai da shi baƙo ba, daga cikin mutanen da suka zama mafi yawan waɗanda suka rage a majami'u. A ƙarshen 2020 yaƙin Tigrai ya sake cika Um Rakuba. A wannan lokaci Turai tana kan tsohuwar gardamarta: Paparoma Faransis ya taƙaita Misar Latin a 2021, bishop-bishop na Jamus suna taronsu na neman sauye-sauye, a watan Disamba 2023 kuma Roma ta fitar da takarda a kan sa wa wasu ma'aurata albarka, wadda ƙungiyar bishop-bishop na Afirka ta ce a Janairu 2024 ba za ta yi aiki da ita ba.

A daidai wannan wata na Disamba 2023 ne Madani ta faɗa hannun dakarun kai ɗaukin gaggawa, waɗanda suke yaƙi da sojan Sudan tun ran 15 ga Afrilu na shekarar. Hanyar Khartum zuwa Gadarif ta bi ta Madani ne, sai ta yanke. Mutane suka kwararo Gadarif har makarantu suka zama masauki. Babban Bishop Didi ya koma Fot Sudan da zama, Adwok ya tsaya a Kosti, Bishop Yunan Tombe Trille ya ƙi barin El Obeid, har 'yan bindiga suka yi masa dūka a hanya a ƙarshen 2024 yana komowa daga Sudan ta Kudu. Daga Fot Sudan, hanyar zuwa Gadarif ta bi ta Kasala, ta kusa ninka ta Khartum tsawo. Soja suka karɓe Madani a watan Janairu 2025, suka koma tsakiyar Khartum a watan Maris.